Na faɗi Lissafi a jarrabawar gwaji, saura mako tara a fara WAEC: ta ina zan fara?

Ɗalibi daga Jega ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na babbar sakandare, ɓangaren kimiyya, a wata makarantar jeka-ka-dawo da ke Jega. A makon jiya aka liƙa mana sakamakon jarrabawar gwaji, wadda muke kira mok, kuma tun daga ranar ban sake buɗe littafi da natsuwa ba. Na sami 31 a Lissafi, 42 a Kyamistiri, 46 a Turanci, 47 a Fiziks. A darussan kimiyya Bayoloji ne kaɗai ya fitar da ni kunya, domin na sami 57. Addinin Musulunci da Hausa da Aikin Gona duk na haye su da kyau, amma na san ba su ne za su kai ni inda nake so ba, domin burina shi ne karatun haɗa magunguna a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, kuma ana neman kiredit a Turanci da Lissafi da Fiziks da Kyamistiri da Bayoloji.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban yi wasa ba. Tun da na yi rajistar JAMB, kowane dare ina amsa tambayoyin shekarun baya a waya har ƙarfe goma sha biyu, wani lokaci har ɗaya, kuma makin da nake samu a can yana wuce 200. Idan an tashi daga makaranta ina zuwa shagon mahaifina na sayar da hatsi in tsaya har magariba, saboda haka dare ne kaɗai lokacina. Har yanzu ban faɗa wa Baba sakamakon ba, domin shi a zatonsa komai yana tafiya daidai. Wani abokin karatuna kuma ya ce in daina wahalar da kaina, akwai mai turo amsoshi ta WhatsApp daren jarrabawa idan aka biya shi.

Ina roƙon malamai da waɗanda suka riga ni wucewa ta nan su gaya mini gaskiya: mako tara zai isa mutum ya tashi daga F9, wato matakin faɗuwa a WAEC, zuwa kiredit? Idan zai isa, da wane darasi zan fara?

Malamin Lissafi daga Argungu ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Na daɗe ina koyar da Lissafi a ajin ƙarshe, kuma na sha zaman duba takardun jarrabawa, saboda haka zan yi maka magana ba tare da lallashi ba. Wasu za su ce maka malamai suna matse hannu a mok don su tsorata ɗalibai. Akan yi hakan, amma 31 ba matsewar hannu ba ce, akwai ramin da ya kamata a cike.

Ai ka riga ka faɗi ciwonka da bakinka, sai dai ba ka lura ba. Jarrabawar JAMB darussa huɗu ce, kuma ga mai neman haɗa magunguna su ne Turanci da Fiziks da Kyamistiri da Bayoloji. Babu Lissafi a ciki. Ke nan duk daren da ka raba kana karatu, Lissafi bai sami ko minti goma ba. Sannan JAMB tambayoyi 180 ne a cikin awa biyu, dukkansu na zaɓi, inda amsa take gabanka, aikinka kawai ka gane ta. WAEC kuwa za ta ba ka farar takarda ta ce ka fito da amsar daga kanka, mataki bayan mataki. Wanda ya saba da gane amsa a allon waya yakan ɗauka ya iya, sai ya riƙe biro ya ga hannunsa ya tsaya. Wannan ne ya sa kake wuce 200 a waya amma ka sami 42 a Kyamistirin da kake karantawa kullum.

Abu na farko, gobe ka je wurin malamanka cikin ladabi ka roƙi su ba ka takardunka na mok, ko su bar ka ka duba su a ofis. Ka bi kowane makin da ka rasa ka tambayi kanka dalili: shin ban san abin ba ne sam, ko na sani na yi kuskure a hanya, ko kuwa lokaci ne ya ƙare ban kai wurin ba? Ka rubuta adadin makin kowane kashi. Maganinsu ba ɗaya ba ne. Wanda ba ka sani ba yana buƙatar malami ko abokin da ya iya, na kuskure yana buƙatar maimaici, na lokaci kuma agogo yake buƙata. Ɗalibai da yawa suna komawa shafin farko na littafin aji ɗaya suna karatu daga tushe, sai jarrabawa ta riske su a babi na shida, alhali rabin abin da suka bi sun riga sun iya shi.

Ka san kuma yadda takardar Lissafi ta WAEC take. Takarda ta farko tambayoyin zaɓi 50 ne a awa ɗaya da rabi. Ta biyu awa biyu da rabi ce, maki 100: sashen farko tambayoyi biyar na dole masu maki 40, sashe na biyu tambayoyi takwas ka zaɓi biyar, masu maki 60. Wato kowace tambaya a sashe na biyu tana ɗauke da maki 12, kuma kana da 'yancin barin uku. A jadawalin da aka saba, C6, wato mafi ƙanƙantar kiredit, yana farawa daga 50. Ba A1 muke nema a mako tara ba, rabin maki muke nema da ɗan abin da zai ba mu tazara.

Saboda haka ka ɗauki tambayoyin shekaru biyar ko shida na baya ka jera su, za ka ga da idonka abubuwan da ba sa fashi: ƙididdiga da jadawalinta, zanen giraf na lissafin da ke da x sau x, zanen Venn, tambayoyin kusurwar tafiya da nisa, dokokin da'ira, yiwuwar aukuwa, da lissafin riba da kashi cikin ɗari, wanda kai ɗan kasuwa bai kamata ya ba ka tsoro ba. Ka zaɓi shida daga ciki ka kama su da ƙarfi. Ni da ƙididdiga da giraf nake sa ɗalibaina masu rauni su fara, domin hanyarsu ɗaya ce kowace shekara, lambobi ne kawai suke sauyawa, kuma wanda ya yi guda goma da hannunsa ya mallake su.

Wani abin da ɗalibai ba su cika sani ba shi ne mai duba takarda yana ba da maki a kan hanya, ba a kan amsar ƙarshe kaɗai ba. Akwai makin dabara, akwai makin daidaiton amsa. Idan ka rubuta ƙa'idar da ta dace, ka sa lambobi a inda ya kamata, sannan ka yi kuskure a ƙarshe, za ka tsira da wani abu. Idan kuwa ka danna kalkuleta ka rubuta amsa ita kaɗai, ko da daidai ce, za ka iya rasa yawancin makin. Na sha ganin takardar da aka soke aiki mai kyau da dogon layi ba a maye gurbinsa da komai ba. Da an bar shi, da ya kawo maki huɗu ko biyar. WAEC tana wallafa rahoton manyan masu duba jarrabawa a shafinta na intanet, darasi bayan darasi, inda suke bayyana wuraren da ɗalibai suka fi tuntuɓe. Tunda kana da waya, ka karanta na Lissafi.

Game da lokaci, ka mayar da Lissafi bayan sallar asuba, awa ɗaya da rabi, da biro da takarda, waya a kashe. Ranar Asabar ka zauna ka yi cikakkiyar takarda ta biyu da agogo a gabanka, ba tashi ba leƙen littafi, ka kai wa malaminka ya duba. Mako tara zai isa idan aka bi shi haka. Na ga waɗanda suka tashi daga inda kake suka kai C5, na kuma ga waɗanda suka ci gaba da karatun ido suka tsaya inda suke.

Ɗalibar jami'a daga Aliero ta amsa:

Ƙanena, duk abin da Malam ya faɗa game da biro da takarda gaskiya ne, amma da izininsa zan ƙara abu ɗaya da nake ganin ya wuce shi da sauri. JAMB takan zo kafin manyan takardun WAEC, kuma kwas irin naka yana neman maki mai yawa, saboda haka kada jin tsoron Lissafi ya sa ka saki abin da ke hannunka. Darussa uku na kimiyya manhajarsu kusan ɗaya ce a jarrabawoyin biyu. Idan ka karanta babi a Kyamistiri, ka amsa tambayoyinsa na zaɓi a waya, sannan a zama ɗaya ka rubuta amsar tambaya biyu ta bayani a takarda. Ka ga aiki ɗaya ya biya maka buƙata biyu.

Ni a mok ɗina Kyamistiri ne ya kayar da ni, kuma da na duba sai na tarar rabin asarar a jarrabawar ɗakin gwaji take, domin a makarantarmu sau biyu kacal muka taɓa riƙe buret, wato bututun gilashin awon ruwa, kafin ranar. Wannan takarda ita ce mafi sauƙin gyarawa. A gwajin asid da alkali, ka rubuta karatun buret da lamba biyu bayan ɗigo, ka sa ma'auninsa a kan jadawali, kuma ka ɗauki matsakaici daga karatun da suka yi kusa da juna kawai. A gwajin gano sinadarai, ka rubuta abin da idonka ya gani dabam, abin da ka fahimta daga gare shi dabam. A Fiziks kuma giraf ne yake ɗauke da kaya: sunan kowane layi da ma'auninsa, sikelin da zai cika fiye da rabin takarda, layin da ya fi dacewa da ɗigogi, da babban alwatika wajen lissafa gangara. Ku haɗu ku uku ku roƙi malamin ɗakin gwaji ya buɗe muku ko da sau ɗaya a mako. Na ce ku uku, domin idan aka kai shida ya zama hira.

Karatun ƙarfe ɗaya na dare kuwa, ka rage shi. A zafin Maris da Afrilu na ƙasarmu, wanda ya yini a makaranta da kasuwa sannan ya hana kansa barci, idonsa ne kawai yake bin layi. Na yi zamanin cin goro da tsoma ƙafa a ruwa don kada in yi gyangyaɗi, kuma abin da na tuna daga waɗannan dararen bai taka kara ya karya ba.

Batun mai turo amsa, ka rabu da shi. Mafi yawansu tsofaffin tambayoyi suke sauya wa shekara su karɓi kuɗi, kuma ka yi tunanin halin wanda ya kwana yana haddar amsar da ba ta fito ba. Wanda aka kama da waya a ɗakin jarrabawa kuma ana iya soke sakamakonsa gaba ɗaya, ba na darasi ɗaya ba, ban da cewa akwai dokar tarayya ta 1999 da ta mai da satar jarrabawa laifin da kotu take hukuntawa.

Tsohuwar malamar Turanci daga Birnin Kebbi ta amsa:

Ɗana, kowa ya tafi ga Lissafi saboda shi ne ya fi muni a ido, amma ni 46 ɗin nan na Turanci ne ya tsaya mini a rai, domin maki huɗu ne tsakaninka da kiredit, kuma D7 a Turanci yana rufe ƙofar jami'a kamar yadda F9 a Lissafi yake rufewa. Yaranmu da yawa a nan suke maƙalewa shekara biyu ko uku.

Insha'i yana da maki 50, kuma ana raba su ne tsakanin abin da ka faɗa, da yadda ka tsara shi, da ingancin harshenka, da tsabtar rubutu ta fuskar nahawu da haruffa da alamomi. Kashi na ƙarshe maki 10 ne, kuma rabin maki ɗaya ake cirewa a kan kowane kuskure, saboda haka yaron da ya cika shafi uku da dogayen jimloli don ya burge yakan tashi da sifili a wurin. Kalmomi kusan 450 ake nema. Ka rubuta gajerun jimlolin da ka tabbata da su, ka bar minti biyar na ƙarshe don sake karantawa. Kurakuran da na fi gani a wurin 'ya'yan Hausawa sanannu ne: a fara labari da lokacin da ya wuce a ƙare da na yanzu, a manta harafin s da ake ƙara wa aikatau idan mai aiki ɗaya ne, a musanya p da f a rubutu kamar yadda ake yi a baki. Ka zaɓi nau'i biyu, misali wasiƙar hukuma da muhawara, ka san ƙa'idar tsarinsu sarai, ka riƙa rubuta ɗaya duk bayan kwana uku kana kai wa malami ya ja maka jan biro.

A sashen taƙaitawa, idan aka ce jimla shida, to cikakkun jimloli shida ake nufi, cikin kalmominka, ba a kwafo layin marubuci ɗungurungum ba, ba kuma a jibga misalan da ba a tambaya ba. Takardar furuci ita ma a rubuce ake yin ta, tambayoyi 60 a minti 45, kuma mako biyu na bibiyar alamomin sauti da wurin da ake danna murya a kalma yana kawo maki masu yawa ga wanda bai taɓa kula ta ba.

Yanzu zan yi maka magana a matsayin uwa. Ka faɗa wa mahaifinka, kuma kada ka wuce wannan makon. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan bai ji daga bakinka yanzu ba, zai ji daga takarda a watan Agusta lokacin da babu abin da zai iya yi. Ka same shi bayan isha'i idan ya ci abinci ya huta, ka nuna masa makin, ka nuna masa jadawalin da ka tsara, sannan ka roƙe shi ya ɗauke maka zaman shago daga la'asar har a gama jarrabawa. Uban da ya ga ɗansa ya zo da matsala tare da shiri ba ya karɓarsa kamar wanda ya zo da kuka kawai. Idan kana jin nauyi, ka fara da mahaifiyarka ko wani kawunka ya shige maka gaba.

Wani ma'aikaci daga Yawuri ya amsa:

Ƙanena, kada ka manta NECO tana biye da WAEC a watannin Yuni da Yuli, wato kana da ƙarin makonni a kan Lissafi, kuma manyan makarantu da yawa suna karɓar haɗin sakamako biyu. Sai dai ka duba ƙasidar JAMB a kan kwas ɗinka, domin wasu jami'o'i suna sharɗanta zama ɗaya a kwasa-kwasan lafiya. Akwai kuma jarrabawar masu zaman kansu ta ƙarshen shekara. Ni da ita na gyara Lissafina, na yi difloma a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru kafin in wuce digiri. Na faɗi wannan ne don hankalinka ya kwanta ka iya karatu, ba don ka jingina da shi ba.

Ɗalibi daga Jega ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Malam, na karɓo takardata ta Lissafi na yi yadda ka ce. A takarda ta biyu, tambayoyi biyu a sashe na biyu ko taɓa su ban yi ba, domin na ɓata kusan minti 40 a kan tambaya ɗaya ta dokokin da'ira wadda a ƙarshe ma ban samu ba. Wannan maki 24 ke nan na lokaci. Na rasa kusan 15 a wuraren da na rubuta amsa ba tare da nuna aiki ba, ko na manta ma'auni. Abin da ban sani ba sam shi ne kusurwar tafiya da giraf, kuma na tuna an koyar da su ne a makonnin da na yi jinyar zazzaɓi a aji biyu. Yaya, mun sami mutum uku, kuma malamin ɗakin gwaji ya amince da ranar Laraba bayan an tashi.

Mama, na faɗa wa Baba daren jiya. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tambaye ni dalilin da ya sa na bar shi mako guda bai sani ba, kuma wannan ne kaɗai faɗan da ya yi. Ya ce ƙanena zai riƙa tsayawa a shago, ban da ranar kasuwa. Tambayar da ta rage mini, Malam, ita ce: in ci gaba da fama da dokokin da'ira, ko in bar su cikin ukun da zan tsallake?

Malamin Lissafi daga Argungu ya sake amsawa:

Kada ka bar su gaba ɗaya, domin suna fitowa a tambayoyin zaɓi kuma suna iya faɗowa a sashen dole, inda ba ka da damar tsallakewa. Ka haddace manyan dokokin da zanensu, ka yi masu sauƙi, amma dogayen na sashe na biyu ka ajiye su sai mako na bakwai idan lokaci ya ragu. Daga yau kuma ka sa wa kanka iyaka: minti 10 ga tambayar sashen farko, minti 18 ga ta sashe na biyu, idan ya cika ka bar fili ka wuce, za ka sami minti goma a ƙarshe ka dawo. Wannan makon giraf ne aikinka. Ka sayi littafin giraf da fensir mai tsini da abin lanƙwasa layi, ko ka yi amfani da tsinken tsintsiya mai laushi kamar yadda muka yi a zamaninmu, ka zana guda biyu kowace safiya. Ranar Asabar ka kawo mana makin da malaminka ya ba ka, sai mu shiga kusurwar tafiya.